DAGA BAKIN FILI: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

 

A wannan karon na so in yi magana ne a kan wani abu daban, sai wani ɗan ƙanwata ya juya mini akala. Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a ƙofar gida a nan Kpangalam ana dafa shayi, sai ga shi ya taso daga fili, takalman ƙwallo rataye a wuya, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan. Mutum ɗaya, dala miliyan 35 a shekara, kuma aikinsa bai wuce ya sheƙa da gudu ya cafe ƙwallo ba." Wani dattijo da ke gefe, tsohon mai sayar da goro ne, ya yi lissafinsa da ka, ya ce ai dala miliyan 35 sefa miliyan 175 ke nan, kuɗi ne kam, amma ya taɓa jin waɗanda suka fi haka. Sai da aka sha dariya kafin a fahimtar da shi cewa dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Da aka sake lissafin a kan sefa 600 kowace dala, aka ce masa abin ya kai sefa biliyan 21, sai ya ajiye kofin shayinsa ya yi shiru.

To, bari in fara da bayanin ko wane ne wannan mai cafe ƙwallo, domin ba irin tamaular da muka sani ba ce. Amurkawa suna da wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa yawancinsa da hannu ake yi. Ƙwallon mai tsini biyu ce kamar ƙwallon giginya da aka matse, 'yan wasan kuma suna sa hular kwano da sulke a kafaɗa saboda karo. A cikin kowace ƙungiya akwai mai jifa, akwai kuma waɗanda ke rugawa can gefen fili su cafe abin da ya jefo. Waɗannan masu cafewa su ne farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun nan. Wanda yaron nan ya nuna mini sunansa Justin Jefferson, na ƙungiyar Minnesota Vikings, wanda a shekarar 2024 ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 140. Ba a rufa shekara ba, a watan Maris na 2025, Ja'Marr Chase na Cincinnati Bengals ya zarce shi da dala miliyan 161, shi ma na shekara huɗu.

Kuɗin ba daga sama suke faɗowa ba. Hukumar wasan, wato NFL mai ƙungiyoyi 32, ta ƙulla ciniki da gidajen talabijin a 2021 wanda ya kai kusan dala biliyan 110 a tsawon shekara 11, kuma akwai yarjejeniya tsakaninta da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa cewa kusan kashi 48 cikin ɗari na abin da aka samu nasu ne. Sa'an nan akwai ƙa'idar da ta yanke wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a kan albashi. Lokacin da aka soma wannan ƙa'ida a 1994, shekarar nan da aka karya mana darajar sefa, iyakar ba ta wuce dala miliyan 34.6 ba ga ƙungiya sukutum. Ku duba da kyau, abin da ƙungiya guda take rabawa ga dukan 'yan wasanta a 1994 bai kai abin da Jefferson shi kaɗai zai ɗauka a shekara ba. A 2025 iyakar ta kai dala miliyan 279.2. Da yake kuma an daɗe ana gyara dokokin wasan yadda jifa zai fi gudu da ƙwallo riba, sai kasuwar masu cafewa ta buɗe.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauko wannan zance. Adadin nan da ake bugawa da manyan haruffa ba shi ne abin da ɗan wasa yake da tabbacin karɓa ba. A cikin miliyan 140 na Jefferson, miliyan 110 ne aka ba shi tabbacinsu, a cikin 161 na Chase kuma 112. Su ma don suna sahun gaba ne suka sami wannan rabo mai tsoka. A wancan wasa ƙungiya tana da ikon sallamar ɗan wasa kwantiragi bai ƙare ba, abin da ba a yi tabbacinsa a rubuce ba kuma ya bi ruwa. Davante Adams ya bar Green Bay a 2022 ya koma Las Vegas a kan kwantiragin shekara biyar na kimanin dala miliyan 140. A watan Oktoba na 2024 aka miƙa shi ga New York Jets, a watan Maris na 2025 su kuma suka sallame shi. Shekara biyar ta zama uku, manyan kuɗin da aka jibge a shekaru biyun ƙarshe kuma bai gan su ba, da ma an rubuta su ne don ado. Ita kuwa Kansas City, a 2022 ta ƙi biyan Tyreek Hill abin da yake nema, ta sayar da shi ga Miami inda aka ba shi dala miliyan 120, ta kuma je ta ci kofin ƙasar sau biyu a jere ba tare da shi ba, a farkon 2023 da farkon 2024. Ƙungiyar 'yan wasan da kanta takan ce a matsakaicin lissafi ɗan wasa ba ya wuce shekara uku da 'yan watanni a cikin sana'ar.

Na san wani zai ce, to Malam mu ina ruwanmu da wasan da ko filinsa babu a ƙasar nan? Ruwanmu shi ne, yaranmu da ke buga tamaula a bayan makaranta ba sa bambance wannan ƙwallo da waccan in ana maganar kuɗi. Adadi suke gani, su kwana da shi, su tashi da shi. Kuma abin da ke faruwa da manyan 'yan wasan Amurka, wato bambanci tsakanin abin da aka faɗa da baki da abin da aka tabbatar a takarda, mu nan Togo mun ga irinsa da idonmu, har duniya ta yi mana dariya a kansa.

Waɗanda suka kai shekara talatin ba su manta da ranar 8 ga Oktoba 2005 ba, ranar da ƙungiyar ƙasa ta Éperviers, a ƙarƙashin Stephen Keshi ɗan Nijeriya, ta ci Kongo 3 da 2 a Brazzaville ta sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya karo na farko. A daren nan ba wanda ya yi barci a Sokode, babura suna ta kai da kawowa har asuba. Daga wannan rana zuwa buɗe gasar a Jamus akwai wata takwas cur. Wata takwas ya ishi a zauna da 'yan wasa a yanke abin da kowa zai samu, a rubuta, a sa hannu. Ba a yi ba. Aka sallami Keshi bayan an sha kashi a wasanni uku na kofin Afirka a Masar a farkon 2006, aka ɗauko Otto Pfister Bajamushe, aka tafi sansani a garin Wangen ba tare da an gama maganar ladan wasa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da muka isa masauki muka fara neman wuƙar fafewa.

'Yan wasa suka nemi yuro 155,000 kowannensu, wato kimanin sefa miliyan 100, da ƙarin yuro 30,000 in an ci wasa, 15,000 in an yi kunnen doki. Abin da aka yi musu tayi bai kusanci haka ba. Suka ƙaurace wa atisaye, Pfister ya ɗauki jakarsa ya bar sansanin ana saura kwana huɗu a fara, sa'an nan ya dawo ana gobe wasa. Ranar 13 ga Yuni a Frankfurt aka kara da Koriya ta Kudu. Tun kafin a busa usur aka yi abin kunya, masu filin suka sa taken Koriya sau biyu kafin su lalubo namu. Duk da haka, a minti na 31 ɗan garin nan namu, Mohamed Kader Coubadja, haifaffen Sokode, ya zura ƙwallon da har yau ita kaɗai ce Togo ta taɓa ci a gasar kofin duniya. Bayan hutun rabin lokaci aka kori kyaftin Jean-Paul Abalo, aka ci mu 2 da 1. Kafin wasa na biyu da Suwizalan a Dortmund sai da 'yan wasa suka yi barazanar ƙin hawa jirgi, hukumar FIFA ta tsoma baki da gargaɗi, daga bisani ta ɗauki nauyin biyansu kai tsaye daga kason da ya kamata ta miƙa wa ƙasar. Aka ci mu 2 da nema, Faransa ma ta ci mu 2 da nema, muka dawo gida, FIFA kuma ta bi hukumar ƙwallonmu da tarar kuɗin Suwizalan 100,000.

A lokacin mutane da yawa sun zagi 'yan wasan, suka ce kwaɗayi ne, ina kishin ƙasa? Ni ma na faɗi irin wannan magana a majalisa, ba zan ɓoye ba. Amma da shekaru suka ja na sauya ra'ayi, ko da yake har yanzu ina ganin adadin da suka nema ya yi wa ƙasa irin tamu yawa. Abin da na gane shi ne, mutumin da aka sha yi wa alkawari ba a cika ba, ranar da ya ga yana da abin riƙewa a hannu ba zai saki ba sai ya ga kuɗi a ƙasa. Da akwai takarda tun watan Nuwamba, da ko rabin abin da suka nema ne aka rubuta, ina kyautata zaton da ba a kai ga haka ba.

Shi kansa Kader ya riga ya ɗanɗana wannan kafin gasar. Yana buga wa Servette ta birnin Janeba, yana cin ƙwallaye, sai ƙungiyar ta kasa biyan albashi, a watan Fabrairu na 2005 kotu ta ce ta karye, 'yan wasa suka watse, shi ya koma Sochaux a Faransa, daga nan Guingamp. Wannan fa a Suwizalan ke nan, ƙasar bankuna. Ashe ita ma takardar ba ta wuce ƙarfin wanda ya sa mata hannu ba, don haka bayan tambayar nawa ne, sai a tambayi wa zai biya, kuma da me.

Wanda ya fi kowa cin moriyar takarda a cikin 'yan ƙasar nan shi ne Emmanuel Adebayor. Daga Metz ya je Monaco a 2003, Arsenal a Janairun 2006, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2008, sa'an nan Manchester City ta saye shi a 2009 a kan kimanin fam miliyan 25, jaridun Ingila kuma suka ce albashinsa ya haura fam 150,000 a mako. Inda ƙwallon Turai ta bambanta da ta Amurka shi ne, a Turai in an sa hannu a shekara biyar, to shekara biyar ɗin za a biya, ko kana wasa ko kana zaune a benci. Da City ta daina yayinsa ba ta da ikon korarsa hannu rabbana, sai dai ta ba da shi aro ga Real Madrid a 2011, daga baya Tottenham. Ita ma Tottenham da ta rabu da shi a watan Satumba na 2015 kwantiraginsa bai ƙare ba, sai da ta ci gaba da biyansa. Magoya baya sun yi ta surutu, amma mutumin bai saci ko tamma ba, abin da aka rubuta ya karɓa. Wannan ƙarfi da ɗan wasa yake da shi a Turai ya samo asali ne daga ƙarar da wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya kai, wadda kotun Turai ta yanke hukuncinta ranar 15 ga Disamba 1995, cewa duk wanda kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya inda ya so ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Tun daga ranar ƙungiyoyi suka koma ɗaure 'yan wasa da dogon kwantiragi da albashi mai kauri.

Yanzu ku ajiye Adebayor a gefe guda, ku ɗauko wanda suka zauna da shi a mota ɗaya ranar 8 ga Janairu 2010, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Éperviers wuta a yankin Cabinda a kan hanyar zuwa kofin Afirka na Angola. Mataimakin koci Améleté Abalo da jami'in watsa labarai Stanislas Ocloo sun rasa rayukansu. Mai tsaron gida Kodjovi Obilalé, yana da shekara 25, harsashi ya same shi a gadon baya, aka kwashe shi zuwa asibiti a Johannesburg. A lokacin yana tsaron gida ne a Pontivy, wata ƙaramar ƙungiya a rukunin ƙasa-ƙasa na Faransa, ba mai albashin a-zo-a-gani ba. Bai sake buga ƙwallo ba, aka yi ta yi masa aiki ana maimaitawa, ya koma tafiya da sanda, kuma sai da ya fito a kafafen watsa labarai yana kokawa kafin taimako ya zo daga FIFA. Riga ɗaya suka sa, tuta ɗaya suka je karewa, amma da masifa ta afka kowa sai ya koma ga abin da takardarsa ta tanadar masa. Ba sai harsashi ba, gwiwa ɗaya in ta goce a filin Sokode ko na Dapaong ta isa ta rufe littafin yaro. Wane ne zai biya asibiti? Tambayar da ba na jin iyaye suna yi ke nan.

Kada kuma mu ɗauka irin su Adebayor ne suka fi yawa. A 2016 ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPro, ta yi bincike a kan 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe fiye da 50, ta tarar kashi 45 cikin ɗari ba sa samun dala 1,000 a wata, kashi 41 kuma an taɓa jinkirta musu albashi a cikin kaka biyu da suka gabata. Waɗannan ƙwararru ke nan masu cin abinci da sana'ar. A nan gida kuwa duk mai zuwa kallo ya san yadda abin yake, yaro yana buga wa ƙungiya kaka guda ko biyu a kan maganar fatar baki, in an ci wasa shugaba ya sa hannu a aljihu, in ba a ci ba kowa ya kama gabansa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan an ɗaga shi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a farkon 2023, ina so wani mai gaskiya ya faɗa mini 'yan wasanmu nawa ne suke da takardar da ta tabbatar musu da ko wannan ɗin kowane wata. Kuma ba wai garin nan baƙo ne a harkar ba. Semassi ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama tun daga ƙarshen shekarun 1970, a 1984 ma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta fitar da ita. Gwanaye mun yi su. Ku zaga unguwa ku ga yadda wasu daga cikin gwanayen wancan zamani suke rayuwa a yau.

In za a ba yaro misalin da zai bi, ni ɗan Dapaong zan nuna masa, wato Djené Dakonam, wanda aka haifa a can a ƙarshen 1991. Bai yi tsalle ɗaya ya faɗa Turai ba. Ya yi wasa a nan gida, ya ƙetara Benin, ya je Coton Sport ta Garwa a Kamaru, inda aka gan shi a gasar zakarun Afirka. Sai a 2014, yana da shekara 22, ya tafi Alcorcón a rukuni na biyu na Sifen, ya yi shekara guda a Sint-Truiden ta Beljiyam, a 2017 Getafe ta saye shi. A can ya zauna, ya yi ta sabunta kwantiragi har ya ɗaura ƙyallen kyaftin, a ƙungiyar da ta ƙasa duka. An sha raɗe-raɗin manyan ƙungiyoyi suna zawarcinsa, amma shekara da shekaru yana wasa kowane mako a ɗaya daga cikin manyan gasannin duniya, albashi yana shiga. Kowane mataki da ya taka daga ƙungiya sananniya ne zuwa ƙungiya sananniya, da takardar canja sheƙa a tsakani.

Wannan takarda ita ce nake so iyaye su sani, domin akwai dokoki da aka yi saboda ire-irenmu amma ba mu amfani da su. Dokar FIFA ta hana a kai yaro ƙasar waje da sunan ƙwallo kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura don wata hidima tasu. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 wata ƙungiya a Turai, ko dai bai san doka ba ko kuwa ya san ka ba ka sani ba. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma aka kai su ƙasar Laos, wasunsu 'yan shekara 14, suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa. Haka kuma kwantiragi ba ya wuce shekara biyar, na wanda bai kai 18 ba kuma ba ya wuce uku. Tun 2018 akwai dokar da ta ce in ƙungiya ta riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba yana da ikon tafiyarsa. Amma fa wanda ba shi da kwafin kwantiragi a hannu, da me zai kai ƙara? Dillalan 'yan wasa ma tun 2023 aka dawo da yi musu jarrabawa, mai lasisi sunansa yana cikin jerin da FIFA take wallafawa, kowa yana iya dubawa.

Akwai kuma wata doka da ta shafi masu ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda ke sayen ƙwallo da riguna daga aljihunsu. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran kuma rabin kashi ɗaya. Mu ɗauka yaro ya yi shekara shida a wata ƙungiya a Sokode, daga 12 zuwa 17, wata rana aka sayar da shi yuro miliyan ɗaya. Rabon wannan ƙungiya kashi 2 ne, yuro 20,000, wato sefa miliyan 13 da ɗoriya, kuma duk sanda aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa za a sake biya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris musamman don tura irin waɗannan kuɗi. Sharaɗin ɗaya ne, a ce an yi wa yaron rajista da lasisi a hukumar ƙwallo ta ƙasa, da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya. Mu kuwa da muka iya rage wa yaro shekara uku a takardar haihuwa, ko a ba shi ta ƙaninsa ya tafi da ita, da hannunmu muke goge sunan ƙungiyar da ta rene shi daga cikin masu rabo.

Abin yana ba ni mamaki, domin mu ba baƙin ciniki ba ne. Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suna yada zango a Didawure tun garin nan bai zama birni ba, ba sa sayar da ko ƙwarya ɗaya ta goro sai a gaban maigida da dillali sananne, la'adarsa a yanke, da shaidu a zaune. Har gobe a kasuwar dabbobi ta Cinkassé ba mai sakin igiyar sa sai ya san wanda ya tsaya wa mai saye. To don me in aka zo kan ɗan da muka haifa sai mu miƙa shi ga mutumin da ba mu san gidansu ba, don kawai ya sa kwat ya nuna mana hotonsa da wani ɗan wasa?

Bara wani maƙwabcina ya shigo mini da sassafe da takarda a hannu, ya ce, "Malam, taimaka ka karanta mini wannan, an ce an ɗauki yaron nan a Turai." Na karanta sau biyu. Ba kwantiragi ba ne, gayyata ce zuwa gwaji na kwana goma, ba a ambaci albashi ba, ba a ambaci masauki ko tikitin dawowa ba, tambarin ƙungiyar ma ya yi dishi-dishi kamar an kwafo shi daga jarida. Wanda ya kawo ta yana neman kuɗin da sai an sayar da filin da mahaifin yaron ya gada kafin a haɗa su, wai na biza da jirgi da na "buɗe ƙofa". Na ce masa, "Alhaji, ƙungiyar da take son ɗanka da gaske ita ke biyan jirgi. Ka ce wa mutumin ya ba mu lambar lasisinsa, kuma ya bari mu rubuta wa ƙungiyar da kanmu mu ji." Ransa bai so ba, uwar yaron ma ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwar maiɗakina, tana ganin mun tare wa ɗanta arziki. Aka aika wa mutumin da saƙon, ya ce zai kawo lambar ranar Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, wayarsa ta daina shiga. Filin yana nan, an shuka masara a cikinsa bana, yaron kuma an yi masa lasisi a wata ƙungiya ta nan gari, yana buga lamba bakwai.

Shi kuwa ɗan ƙanwata mai waya, da na gama yi masa wannan dogon bayani sai ya ce, "To Kawu, ko miliyan 110 ɗin ma ai ba laifi." Na ce ya tashi ya kai wa uwarsa cefanen da ta aike shi tun azahar.

Masu ƙungiyoyin unguwa da ke son a bayyana musu yadda ake yi wa yara rajista, su aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu duba ta a wannan fili. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.